Sabuwar a-kori-kurar Kia: motar kaya ce ko ta kwalliya?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni fa yau da ɓacin rai na tashi, kuma sai na faɗa. Jiya da dare a majalisarmu aka kunna mana bidiyon sabuwar a-kori-kurar nan ta kamfanin Kia, wadda suke ce ma Tasman, saboda yayan wani abokinmu ya ce ita yake so a yi mashi oda. Kowa sai yabo yake, kujeru kaza, allo kaza, esi kaza. Na ce ku bar kallon gaba, ku kalli baya. Bodin nan bai taka kara ya karya ba. Sana'ata kayan gini ce, kullum ina tsaye ana loda kwano da siminti da katako, in na kalli bodin mota na san abin da zai ci. Wallahi sai suka yi mani ca, wai hassada ce, wai don ba ni da kuɗinta. Har wani ya ce in bari sai na mallaki keke tukuna in sa baki a zancen mota. To ni ina nan a kan bakana: motar kwalliya ce, ba ta kaya ba. Kujeru sun cinye rabin motar, an bar ma kaya ɗan faranti a baya. Ko ɗan ƙauye ya kalle ta ya san haka. Don Allah ku raba mu.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka ba ni minti kaɗan in kawo ma'aunin da kamfanin ya fitar, sai a yi magana a kan lissafi.

Ɗan Mashi: Dakata tukuna Injiniya. Malam, me kake nufi da "ko ɗan ƙauye"? Wato ɗan ƙauye shi ne ƙarshe a rashin sani, in har shi ya gane to babu wanda zai kasa ganewa? Ka yi mana bayani.

Ɗan Ƙofar Marusa: Haba Yaya. Salon magana ne kawai, ba da kowa nake ba.

Ɗan Mashi: Da mu kake. Geron da aka dama maka kunu da shi yau da safe, a Ƙofar Marusa aka noma shi? In zancen lodin mota ake, wa ya kai mu sani? Mu ke ɗinke buhu, mu ke ɗaga shi, mu muka san wanda za a sa a ƙasa da wanda za a sa a sama don kada mota ta karkace a kan burji. Kai kana tsaye a inuwar shago ana loda maka, mu da kafaɗunmu muke yi. Sannan ka zo ka kafa misali da mu.

Ɗan Sabon Layi: Kai kuma Yaya me ya yi zafi? Mashi ai ba ƙauye ba ce, hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Wa ya sa da kai?

Ɗan Mashi: Ka ji irinta ko? Wato in da ƙauye ce da zagin ya halatta. To ni ba cikin garin Mashi nake ba, gidanmu sai ka sauka daga kwalta ka shiga yashi kafin ka iso, kuma ina alfahari da haka.

Malamin Firamare: Gaskiya Ɗan Mashi ya fi ku hujja a nan. Kalmar nan ta daɗe tana cin mutuncin mutane. A aji ma in yaro ya yi kuskure sai ka ji 'yan uwanshi sun ce mashi baƙauye, kuma daga bakin manya suke ji. Yawancin mu da ke cikin birnin nan in aka bi kaka ko kakan kaka, daga wani gari aka zo. Ya kamata a janye.

Ɗan Ƙofar Marusa: Malam ni ban zagi kowa ba balle in janye. Kakata ta wajen uwa a karkara take zaune har gobe. Zancen mota na kawo.

Baba Direba: Yaro, bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Ku mutanen cikin ganuwa, duk wanda ya fito daga bayan ƙofa ɗan ƙauye ne a wajenku. Ni da kunnena a tasha an sha ce mani direban ƙauye saboda kawai motata ta Daura ce. Daura fa! Daura ta Abdu tushen Hausa. Rijiyar Kusugu tana nan, kowa ya zo ya gani.

Ɗan Sabon Layi: Allah ya ƙara girma Baba, amma ba wanda ya taɓa Daura a nan. Kuma in tarihi ne, hasumiyar Gobarau ta Katsina ma tana nan tsaye. Tun 1987 da aka ba mu jiha, ina aka ajiye gidan gwamnati?

Baba Direba: Gidan gwamnati daban, asali daban. Jami'ar sufuri ta tarayya a ina aka gina ta? A Daura. To in zancen mota ne ku saurare mu.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Ba a buɗe zauren nan don Katsina da Daura ba, duk ɗaya muke. Ko da yake maganar Baba akwai gaskiya a ciki. Injiniya bisimilla.

Injiniya: Na gode ranka ya daɗe. Ga abin da Kia ta bayyana a kan mai ƙofa huɗu. Tsawon bodi milimita 1,512. Faɗi 1,572. Zurfi 540. Tsakanin tudun tayoyin baya guda biyu da ke cikin bodin 1,186. Cikin bodin gaba ɗaya lita 1,173. Nauyin da aka ce ta ɗauka daga kilo 1,017 zuwa 1,195, gwargwadon samfuri. Abin ja a baya kuma, in mai birkinshi ne, har kilo 3,500.

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Wannan tan ɗaya da ɗoriya ba na bodi kaɗai ba ne. Direba na ciki, fasinja na ciki, duk abin da ka jefa a bayan kujera na ciki. Mu ɗauki ƙaramin adadin, 1,017. In mutum biyar suka zauna, a ƙaddara kowa kilo 70, an ci 350 ke nan, saura 667. Siminti mai kilo 50 buhu 13. Hatsi mai kilo 100 buhu 6. In direba ne shi kaɗai, siminti 18, hatsi 9. Don haka kujerun bayan nan sau biyu suke cin kaya: sun rage tsawon bodi, in an zauna a kansu kuma sun rage nauyin da za a loda.

Ɗan Ƙofar Marusa: Alhamdu lillahi! Kun gani ko? Milimita 1,512 ko ƙafa biyar bai cika ba. Kwanon rufi ƙafa shida ne. Bandir ɗaya ma ba zai kwanta a rufe ƙofar baya ba. Rodi kuwa ba a magana, mita 12 ne, ko an lanƙwasa shi biyu sai ya yi ta jan ƙasa. Don Allah wani ya tura ma 'yan majalisarmu wannan.

Injiniya: Ban gama ba. Ba laifin Tasman ba ne ita kaɗai. Hilux mai ƙofa huɗu ma bodinta wajen mita ɗaya da rabi ne, haka sauran 'yan ajinsu. Kuma Kia ta yi mai ƙofa biyu, ta yi wadda ake sayarwa ba bodi ka ɗora irin wanda kake so. In ka ce motar kwalliya ce saboda gajeren bodi, to ka haɗa da duk masu ƙofa huɗun da ke yawo a garin nan.

Kafinta: Ni abin da ya tsaya mani shi ne 1,186 ɗin nan. Faffaɗan fallen katakon da muke yin durowa da ƙofa da shi ƙafa takwas ne a tsaye, huɗu a kwance. Ƙafa huɗu milimita 1,220 ke nan. Ya fi tsakanin tayoyin da ɗan abin da bai kai yatsa biyu ba, amma wannan ɗan abin ya isa ya hana shi kwanciya a ƙasa. Dole ya hau kan tudun taya, tsakiyarshi na lilo. Ka bi ramuka da shi daga nan zuwa Dutsin-Ma, ka iso ka tarar gefe ya ɓare ko ya yi ciki. Sai dai ka shimfiɗa katako a ƙarƙashi ka daidaita, ka sauke ƙofar baya, ka ɗaure da igiya, ka rataya jan ƙyalle. Me ya hana su ƙara ɗan faɗin nan?

Injiniya: Ba da fallenka suka auna ba Malam. Kasuwar Ostireliya suka fi hari, can kuwa ana ɗora kaya a kan wani dandamalin katako mai faɗin milimita 1,165, injin ɗaga kaya ya zura shi cikin bodi. Shi suka tabbatar ya shige tsakanin tayoyin.

Ɗan Mashi: Duk wannan lissafin bai goge kalmar da aka faɗa ba. Har yanzu ina jira.

Na Jidda: Salam 'yan uwa, yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo rututu. Ni na ga motar nan da idona, ba a bidiyo ba. A nan Jidda aka fara nuna ta ga duniya, a baje kolin motoci na watan Oktoban 2024, kuma ita ce a-kori-kura irin wannan ta farko da Kia ta yi. Wanda bai tsaya kusa da ita ba kada ya raina ta. Tsawonta ya haura mita biyar. A kusurwar bamba ta baya an yi matakala, ka sa ƙafa ka hau bodi ba sai ka taka taya ba. Wadda na gani akwai wurin jona wuta a cikin bodin. In ka ɗaga kujerar baya akwai ma'aji a ƙarƙashi, ka zuba jak da igiya da sifana ba su yi ta ƙara a bodi ba. An ce tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 800 in a hankali ake tafiya. Ku tuna yadda damina ke yi mana a mashigin rafi. Ɗan Ƙofar Marusa, tsakani da Allah ka yi gaggawar yanke hukunci.

Ɗan Ƙofar Marusa: Yallaɓai ka gan ta, amma ka loda mata kaya?

Na Jidda: Ban loda ba, kai ma ba ka loda ba. Ni dai na taɓa ta.

Bakanike: Ni ba ruwana da matakala. Tambaya ɗaya gare ni. Ran da famfon mai ya mutu a hanyar Jibiya, ko fitilar gaba ta fashe, a wane shago za a samo? Hilux tun 1968 ake yin ta, duk layin 'yan kayan gyara a Katsina ko Kano ka shiga za ka samu nata, sabo da na Beljiyam, kuma yaron da ya shekara biyu a gareji ya san cikinta. Sabuwar mota mai kwamfuta a kowane lungu, in ta kunna fitilar gargaɗi sai an nemo mai na'ura. Motar kaya wadda ta kwana a gareji tana jiran kaya daga waje, ko bodinta ya kai na tirela ba ta da amfani a wannan satin.

Na Jidda: Haka aka ce da Hilux ɗin ma lokacin da ta zo. Kowace mota da ranar farkonta. Kia ba baƙuwa ba ce a Najeriya, ƙananan motocinta sun cika hanya.

Bakanike: Ƙananan daban, wannan daban. Ba kayansu ɗaya ba.

Baba Direba: Ku duka yara ne. A-kori-kura ta gaskiya ita ce Fijo 404, sai 504 ta biyo ta. A Kaduna ake haɗa su, kamfanin ya fara aiki a 1975, kuma kafin nan a 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, ina da wayona. Kujera ɗaya ce a gaba, sauran duk bodi, kusan mita biyu. A kai ta wajen mai walda ya yi mata kariya, a ƙara mata sifirin, a ɗaura tamfol. Ranar Lahadi in mun nufi kasuwar Mai'adua, buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya an ɗaure su da kariya, masu kaya a sama sun riƙe ƙarfe, kaji a rataye a gefe. Haka za mu je mu dawo. In ta tsaya a hanya, da sifana ɗaya da ɗan waya zan tashe ta. Wannan ta yanzu da kuke ta aunawa da milimita, wa zai yarda a sa mashi akuya a ciki?

Injiniya: Baba Allah ya ba ka haƙuri, amma wannan lodin shi ya cinye mutane da yawa a hanyoyin nan. In ka ƙara sifirin ka hana bayan mota zama ne kawai. Birki yana nan yadda yake, taya tana nan yadda take. Kowace taya akwai nauyin da aka rubuta a jikinta. Ka ninka kaya, ga zafin kwalta na watan Afrilu, taya ta fashe a guje, mutanen da ke saman buhu su ne farkon zubewa. Sannan in nauyi ya taru a bayan tayoyin baya, gaba yana ɗagewa, sitiyari ya daina jin magana.

Baba Direba: Ni ban taɓa kashe ko kaza ba. Tuƙi hankali ne, ba takarda ba.

Bakanike: A nan kam ina bayan Injiniya, Baba. Shasin da ya tsage ta wajen sifirin ba ɗaya ba ba biyu ba na gani an kawo walda, kuma duk lodi ne sanadi.

Baba Direba: Ai da lodin kuke ci. In ba mu karya ba me za ku gyara?

Hajiya Mai Man Gyaɗa: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, kowa na zancen siminti da akuya. Ni jarka nake ɗauka, mai lita 25. Injiniya, nawa za ta ɗaukar mani?

Ɗan Sabon Layi: Baba ka ce 504, to me ya sa aka daina yin ta in ta fi?

Baba Direba: Ka tambayi waɗanda suka bar masana'antunmu suka mutu.

Malamin Firamare: Ai an dawo da haɗa Fijo a Kaduna, har da a-kori-kurarsu Landtrek. Ga kamfanin motoci na Innoson a Nnewi. In da kishi ne da nan za a fara dubawa kafin a tura kuɗi Koriya, ƙasar Kia.

Hajiya Mai Man Gyaɗa: Na yi tambaya an tsallake ni. Haka kuke yi kullum in mace ta yi magana a zauren nan.

Injiniya: Afuwan Hajiya. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 wajen kilo 23 ce, ban da nauyin jarkar. Guda 40 sun kai kilo 920, ke da direba kun cike tan ɗin. Amma ba za su zauna a jeri ɗaya ba, sai an ɗora wasu a kan wasu, zurfin bodin kuma 540 ne, jeri na biyu zai leƙo sama da baki. Sai da kariya da igiya mai kyau.

Hajiya Mai Man Gyaɗa: To madalla. Yanzu ku saurare ni, ku masu cewa kujerun baya ɓarna ne. Ba ku taɓa zama a bayan a-kori-kura daga Daura zuwa Katsina cikin hunturu ba, da goyo a baya. Ni na zauna. Ka iso idonka ja wur, mayafinka ya koma kalar ƙasa, yaro na tari har sati. Da damina kuma ruwa ya sauko, direba ya ce tamfol na kaya ne. Gaban motar kuwa mutum biyu ne, kuma kun san ba mace ake ba ba in akwai Alhaji mai kaya. Mota mai ƙofa huɗu ni da yarana masu taya ni aiki mu shiga ciki mu rufe, kayanmu na baya, kuɗin cinikinmu na ƙarƙashin kujera. In mai gida bai da lafiya da dare ita za ta kai shi asibiti, da safe ta ɗauki jarka. Wanda zai iya sayen mota ɗaya tak, wannan ita ce mota. Ku da kuke son bodi zalla ai ga Kanta nan, ga 'yar ƙurƙura, wa ya hana ku?

Na Jidda: Hajiya kin gama magana. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Ƙofar Marusa: Hajiya ina girmama ki, amma kin taimake ni ne. Kin ce in kaya ake so a nemi Kanta. To ai shi ne nake faɗa, wannan ba motar kaya ba ce.

Hajiya Mai Man Gyaɗa: Ɗana, kwalliya ka ce. Jarka 40 kwalliya ce?

Ɗan Mashi: Ba kwalliya kaɗai ya ce ba Hajiya, ya ce ɗan ƙauye. Kuma ga Hajiya nan ta nuna maku wa ke shan ƙurar bayan mota. Mu ne. Matanmu ne. Ɗan birni ya hau gaba ya zuge gilashi, in an iso ya ce muna warin rana.

Ɗan Sabon Layi: Yaya kai fa ka riƙe abin nan da yawa. Kai ba ka taɓa cewa "ɗan birni" da raini ba? Yanzun nan ka faɗa.

Ɗan Mashi: Ɗan birni ba zagi ba ne. Ka taɓa jin an ce ma yaro "kai ɗan birni ne" ya yi kuka?

Malamin Firamare: Wani lokacin zagi ne, ana nufin mai wayon tsiya. Amma ba su yi nauyi ɗaya ba, wannan gaskiya ne.

Ɗan Sabon Layi: To Malam kai alƙali ne ko lauyan Ɗan Mashi?

Malamin Firamare: Ni inda gaskiya take nake.

Bakanike: Ku bar wannan. Akwai abin da ba wanda ya faɗa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai kaya lissafin da yake yi shi ne nawa buhu ɗaya zai ci a mai. Injinta na fetur lita 2.5 ne mai turbo, na gas 2.2. Ka kunna wannan inji don buhu shida, alhali Kanta za ta kwashe ninkin haka a tafiya ɗaya, ai kuɗin dakon buhu ya tashi. Shi ya sa kuke ganin 'yar ƙurƙura ta cika gari.

Ɗan Mashi: Kuma ni ko kyauta aka ba ni ba zan shiga da sabuwar mota mai ƙyalli wasu hanyoyin ba a halin da ake ciki. Kowa ya san abin da ake fama da shi ta wajen Batsari da Safana da Jibiya. Irin wannan mota daga nesa ake hango ta, a ɗauka ko jami'ai ne ko wani mai kuɗi. Wannan ma ɗan ƙauye ne ya san shi, ɗan birni bai sani ba.

Hajiya Mai Man Gyaɗa: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Kafinta: Amin ya Allah.

Na Jidda: Amin. Amma wannan ba laifin mota ba ne.

Ɗan Ƙofar Marusa: Amin. Yaya Ɗan Mashi, ka ga kai ma ka dawo kan maganata, motar ba ta aikinku ba ce.

Ɗan Mashi: Kada ka haɗa ni da kai. Ni dalilina daban. Ka janye kalmar tukuna sannan mu yi zancen wanda ya dawo kan maganar wani.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ba zan janye abin da ban yi nufin sharri da shi ba. Jiya an ce mani mai hassada, yau an ce mani mai raina mutane, duk a kan na faɗi gaskiyar bodin mota.

Shugaban Zaure: To jama'a, magariba ta gabato, bari in taƙaita kamar yadda muka saba. Na bi bayanan kowa daga farko. Abin da ya fito fili shi ne sabuwar motar nan ba ta kama ƙafar a-kori-kurar da muka sani ba, kamar yadda Baba ya yi bayani da gogewarshi, kuma babu wanda ya iya karya hujjarshi. Ni kaina a bayan 504 na tashi ina bin mahaifina kasuwar Mai'adua, na san abin da take ɗauka. Lissafin Injiniya ya tabbatar bodin gajere ne, Kafinta ya tabbatar katako ba ya kwanciya, Bakanike ya tabbatar babu kayan gyara. Wanda ke da kuɗi ya nemi Hilux mai ƙofa biyu ko ya gyara tsohuwar Fijo. Na Jidda ya yaba, amma shi ba a hanyoyinmu yake ba. Batun kalma kuma, an tabbatar mutanen cikin birnin Katsina suna da wannan hali na raina na waje, har da mu mutanen Daura, kuma muna fata za su gyara. Ɗan Ƙofar Marusa ya yi daidai a mota, ya yi kuskure a lafazi.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ban ce haka ba. Na ce duk masu ƙofa huɗu haka bodinsu yake, kuma na ce akwai Tasman mai ƙofa biyu. Maganar lodin Baba kuma ni da Bakanike mun ƙi ta a fili, tana nan a sama kowa ya duba.

Bakanike: Ni ma tambaya na yi a kan kayan gyara, ban ce na zagaya kasuwa na rasa ba.

Hajiya Mai Man Gyaɗa: Shugaba, ina tawa maganar? Duk abin da na rubuta ko layi ɗaya bai shiga taƙaitawarka ba.

Ɗan Sabon Layi: Kuma wa ya tabbatar Katsinawa na raina mutane? Mutum ɗaya ya yi magana ka shafa ma gari guda. Don kai Badauri ne shi ya sa.

Shugaban Zaure: Hajiya a yi haƙuri, maganarki ta jin daɗin zama ce, mu kuma kaya ake tattaunawa. Ɗan Sabon Layi ka iya bakinka. Na rufe zauren sai bayan isha'i.

Hajiya Mai Man Gyaɗa: Kafin ka rufe. Injiniya, ka turo mani ma'aunin nan ta waya, har da na mai ƙofa biyun, zan nuna ma babban ɗana. Ka haɗa da tsawon bodin in an sauke ƙofar baya.